Tarihin Katun ɗin Kirsimeti a Telebijin: Na Da da Na Yanzu

Gabatarwa

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai wani nau'in shirin telebijin wanda ba a ganinsa sai sau ɗaya a shekara, watau idan Disamba ta kama, jama'a suka shiga hidimar Kirsimeti. Gajeren fim ne na zane mai motsi, wanda muka fi sani da katun, tsawonsa daga rabin awa zuwa awa ɗaya, kuma domin wannan lokaci kaɗai ake shirya shi. An yi ɗaruruwan irinsa tun daga 1962, amma mafi yawansu sun ɓace kamar ba a yi su ba, yayin da 'yan kaɗan ake ta maimaita su shekara wajen sittin ke nan.

Duk shekara kuma sai muhawara ta tashi tsakanin masu kallo. Wasu su ce na yanzu ba komai ba ne illa tallar kayan wasa, wasu su ce ai masu yabon na da ƙuruciyarsu kawai suke tunawa. Wannan muhawara ta shafi mai nazarin adabi, domin tambaya ce a kan abin da ke sa labari ya rayu bayan mai shi ya mutu. Saboda haka za mu bi tarihin wannan shiri daga tushe, mu ga yadda aka haife shi, da abin da ya same shi, sa'an nan mu auna na zamani.

Mafari

A farkon shekarun 1960 manyan gidajen telebijin uku ne suka mamaye Amurka, watau NBC da CBS da ABC. Babu rikodar bidiyo a gidaje, balle intanet, saboda haka wanda bai zauna gaban akwatinsa a daren da aka nuna shiri ba, to sai baɗi. A lokacin ne kuma telebijin mai launi ya fara bazuwa, kamfanoni na neman shirye-shiryen da za su sa mutane su yi kwaɗayin saye. Al'adar wancan zamani ita ce kamfani ɗaya ya ɗauki nauyin shiri baki ɗaya, ya biya kuɗin yin sa, ya cika shi da tallarsa. Tun da yake a watan Disamba Turawa suka fi kashe kuɗi wajen sayen kayan kyauta, babu lokacin da ya fi shi daraja ga mai talla.

Shirin da akan ɗauka shi ne na farko shi ne Mister Magoo's Christmas Carol, wanda NBC ta nuna ranar 18 ga Disamba, 1962, kamfanin agogo na Timex ya ɗauki nauyi. An ɗauko labarin ne daga littafin Charles Dickens na 1843, na wani tsoho marowaci da fatalwa suka ziyarta da dare har ya tuba, aka kuma ƙawata shi da waƙoƙi. Karɓuwar da ya samu ita ta nuna wa sauran gidajen cewa akwai kasuwa a nan.

Shekaru Uku da Suka Kafa Tsari

Daga 1964 zuwa 1966 aka yi finafinai uku waɗanda har yau da su ake auna duk wani sabo.

Na farko shi ne Rudolph the Red-Nosed Reindeer, wanda Arthur Rankin da Jules Bass suka shirya, NBC ta nuna ranar 6 ga Disamba, 1964. Shi kansa Rudolph ɗan talla ne tun asali. Wani ma'aikacin babban kantin Montgomery Ward na birnin Shikago, mai suna Robert May, shi ya ƙago shi a 1939 domin ɗan littafin da kantin ke raba wa yara kyauta. Bayan shekara 10 surukinsa Johnny Marks ya mayar da labarin waƙa, Gene Autry ya rera ta ta game duniya. Fim ɗin kuwa kamfanin kayan lantarki na General Electric ya biya. Ba zana shi aka yi ba, 'yan tsana aka sassaƙa, a ɗan gusa hannu ko ƙafa a ɗauki hoto, a sake gusawa a sake ɗauka, kuma sakan ɗaya na fim hoto 24 yake ci. Wannan aiki mai cin rai a Tokyo aka yi shi, a ƙarƙashin wani gwani Bajafane mai suna Tadahito Mochinaga, muryoyin yawancin 'yan wasan kuma a Toronto ta Kanada aka naɗe su. Ke nan fim ɗin da Amurkawa ke ɗauka tamkar gadon kakanninsu, hannun ƙasa uku ne ya yi shi.

Jigonsa wariya ce. Rudolph ɗan barewar ƙasar sanyi ne da aka haifa da jan hanci mai haske, 'yan uwansa suka tsangwame shi har ya gudu, ya haɗu da wani wada daga cikin ma'aikatan Santa, watau Baba Kirsimeti, wanda shi kuma ya bar aikinsa domin ya fi son zama likitan haƙori a kan sassaƙa kayan wasa. A yawonsu suka isa wani tsibiri inda ake zubar da kayan wasa masu naƙasa waɗanda babu yaron da ke so. A nunin farko fim ɗin ya ƙare ba tare da an ga an koma an ɗauko su ba. Masu kallo suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, har a 1965 aka sauya ƙarshen, aka nuna Santa ya sauka a tsibirin. Wannan ya nuna mana tun da wuri jama'a suka ɗauki labarin nasu ne.

Na biyu shi ne A Charlie Brown Christmas, wanda CBS ta nuna ranar 9 ga Disamba, 1965. Kamfanin Coca-Cola ne ya nema, aka ba Charles Schulz mai zanen barkwanci na jarida, da Lee Mendelson da Bill Melendez, wata shida kacal su gama. Abin da suka kawo ya saɓa wa duk ƙa'idar lokacin. Yara na gaske suka yi muryoyin, ba ƙwararrun manya ba. Schulz ya ƙi yarda a saka dariyar nan da akan naɗa a faifai a riƙa sakawa bayan kowace raha. Kiɗan jaz na fiyano, na Vince Guaraldi, aka yi amfani da shi. Sa'an nan kusa da ƙarshen fim ɗin wani yaro mai suna Linus ya tsaya shi kaɗai ya karanto ayoyi daga Linjilar Luka a kan haihuwar Annabi Isa, abin da abokan aikin Schulz suka ji tsoron zai jawo magana. Shugabannin CBS da suka kalla kafin a nuna ba su ji daɗinsa ba, suna ganin ya cika sanyin jiki. Amma a daren nan kusan rabin masu kallon telebijin na Amurka shi suka kalla, ya kuma ci lambobin yabo na Emmy da Peabody. Labarin ɗan yaro ne da biki ya zo amma shi baƙin ciki yake ji, yana ganin kowa ya shagala da saye-saye, aka aike shi sayo itacen ado ya zaɓo wani ɗan tsiro mai kakkaɓewar ganye, aka yi masa dariya, daga baya yaran suka taru suka gyara shi.

Na uku shi ne How the Grinch Stole Christmas!, ranar 18 ga Disamba, 1966, shi ma a CBS. Littafin Dr. Seuss ne na 1957, Chuck Jones ya mayar da shi katun, Boris Karloff, wanda ya yi suna da fitowa a dodo cikin finafinan ban tsoro, ya ba da labarin. A littafin Grinch ba shi da launi, Jones ne ya yi masa kore. Wani mugu ne mai zama a kan dutse, ya sauko da dare ya sace duk kyaututtuka da abincin mutanen gari domin ya hana su biki, gari ya waye sai ya ji suna waƙa hannu cikin hannu, abin da ya karya masa zuciya ya mayar da kayan. Wata ƙungiyar bankuna ce ta ɗauki nauyinsa.

Mai karatu zai lura da wani abin ban mamaki a nan. Biyu daga cikin ukun nan wa'azi suke a kan cewa biki ba saye da sayarwa ba ne, alhali masu lemon kwalba da masu banki ne suka biya kuɗin wa'azin. Saboda haka wanda ya ce na da ba su da alaƙa da kasuwa bai karanta tarihi ba. Bambancin shi ne mai talla na wancan lokaci kan biya ya koma gefe, ya bar marubuci da labarinsa.

Yawaita da Lalacewa

Kowa ya ga riba sai ya shigo. Rankin da Bass suka mayar da abin sana'a: Frosty the Snowman a 1969, Santa Claus Is Comin' to Town a 1970, The Year Without a Santa Claus a 1974, da wasu da dama, yawancinsu a kan wata tsohuwar waƙa aka gina su. Aka kuma faɗaɗa zuwa sauran bukukuwa, kamar na Ista da na Halowin. Wasu sun yi kyau, amma a hankali tsari ɗaya ya riƙa dawowa, watau wani abu ya taso zai hana biki, jarumi ya ceto shi a daren ƙarshe.

A shekarun 1980 al'amari ya sake juyawa. Gwamnatin Ronald Reagan ta sassauta dokokin talla a shirye-shiryen yara, sai masu kayan wasa suka fara yin katun da kansu domin sayar da hajarsu. Aka yi wa Pac-Man na wasan na'ura katun ɗin Kirsimeti a 1982, aka yi wa He-Man da She-Ra, 'yan tsanar kamfanin Mattel, a 1985. A nan jarumin labarin shi ne hajar da ke kan kanta. Bugu da ƙari, kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, tashoshi suka yawaita, darajar "sau ɗaya a shekara" ta fara raguwa. Masu sukar katun ɗin zamani sau da yawa halin wannan zango suke kwatantawa ba tare da sun sani ba.

Hanyar Ingila

A daidai lokacin da na Amurka ke lalacewa, Ingila ta buɗe tata hanyar. Tashar Channel 4, wadda ba ta cika wata biyu da buɗewa ba, ta nuna The Snowman ranar 26 ga Disamba, 1982. Dianne Jackson ce ta ba da umarni, daga littafin Raymond Briggs na 1978. Minti 26 ne, an zana shi da fensir mai launi, kuma in ban da 'yar gabatarwa da waƙa ɗaya babu magana a ciki, kiɗan Howard Blake ne ke ɗauke da labarin. Yaro ya gina mutum-mutumi da dusar ƙanƙara, da tsakar dare ya rayu, suka tashi sama tare suka yi yawo, da safe yaro ya fito da gudu ya tarar rana ta narkar da shi. A nan fim ɗin ya tsaya. Babu wanda ya zo ya lallashi yaron, babu kuma wanda ya dawo da abokinsa. Briggs bai sa Kirsimeti a littafinsa ba, masu fim ne suka ƙara, amma ba su taɓa ƙarshen ba, kuma wannan ƙarshe ne ya sa iyaye ke kallonsa da 'ya'yansu har yau.

Daga nan sai Nick Park da kamfanin Aardman na birnin Bristol suka zo da Wallace da karensa Gromit, waɗanda ake murzawa da wani irin yumɓu mai laushi har ana ganin shatar yatsun mai aikin a jikinsu. Labaransu ba na Kirsimeti ba ne, amma an saba nuna su a lokacin, kamar The Wrong Trousers a 1993. Wanda BBC ta nuna ranar Kirsimeti ta 2008, A Matter of Loaf and Death, mutum fiye da miliyan 14 suka kalla, ya fi kowane shiri na wannan rana a Ingila.

Zamanin Kwamfuta

Bayan fitowar Toy Story a 1995, zanen kwamfuta ya mamaye sana'ar, kuma bai daɗe ba ya iso ga katun ɗin biki. A ƙarshen Nuwamba 2007 tashar ABC ta nuna Shrek the Halls na kamfanin DreamWorks, mutum wajen miliyan 20 suka kalla. Sai aka yi ta biyo sawu: Merry Madagascar a 2009, Kung Fu Panda Holiday a 2010, na Ice Age a 2011, na Toy Story a 2013 da 2014. Ta fuskar aiki babu abin kushewa a cikinsu. Haske da gashin dabba da dusar ƙanƙara duk sun fito yadda Mochinaga bai taɓa mafarki ba, kuma sau da yawa taurarin da suka yi muryar babban fim su ake dawowa da su. Rauninsu a wajen manufa yake. An yi su ne domin kada a manta da jarumin kafin fim na gaba ya fito sinima, saboda haka ba a yarda wani abu na gaske ya same shi. Dodo Shrek zai yi fushi da baƙinsa, ya huce, a koma inda aka faro. Ga kuma yawan ba'a da habaici ga al'amuran yayi, waɗanda bayan shekara 10 yaro ba zai gane su ba.

Amma ba a taru aka zama ɗaya ba. A Disamba 2009 kamfanin Disney ya fitar da Prep & Landing, sabon labari wanda bai jingina da wani fim ba. Wani wada ne da ya shekara fiye da 200 yana share wa Santa hanya a gidajen mutane, ya sa ran ƙarin girma sai aka ba yaronsa, ya yi zuciya ya saki aiki, har sakacinsa ya kusa jawo wa wani yaro asara. Duk ma'aikacin da aka taɓa tsallakewa zai ga kansa a ciki, ya kuma ci lambobin Emmy. A ranar Kirsimeti ta wannan shekara BBC ta nuna The Gruffalo, daga littafin Julia Donaldson, labarin ɗan ɓera da ya tsere wa dila da mujiya da maciji ta hanyar ƙago wani dodo da ya ce abokinsa ne, sai ga dodon ya bayyana da gaske, ya zama dole ya yi masa wata dabarar. Marubuciyar ta ce daga wata tatsuniyar Sin ta samo shi, kuma wanda ya tashi da labaran Gizo ba zai ji baƙunci ba. Tun daga lokacin kamfanin Magic Light kusan kowace shekara yake kawo wa BBC irinsa. A 2021 Aardman ta yi wa Netflix Robin Robin da 'yan tsanar ulu, labarin 'yar tsuntsuwa da ta tashi a gidan ɓeraye tana ganin ta kasa zama ɓera, watau jigon Rudolph ne ya dawo da sabuwar riga. A 2022 kuma aka yi The Boy, the Mole, the Fox and the Horse da zanen hannu, ya ci lambar Oscar a 2023.

Ba Turawa kaɗai suka gano wannan hanya ba. Gidan telebijin na Masar ya fara nuna Bakkar, katun ɗin wani yaro Banube, a watan Azumi na 1998, haka kuma a Dubai aka fara Freej, na wasu tsofaffin mata huɗu, a Azumin 2006. Dalili ɗaya ne, watau lokacin da iyali ke taruwa wuri ɗaya a sa'a ɗaya.

Abin da Ya Sauya

Idan muka jera waɗanda suka rayu, na da da na yanzu, za mu ga abubuwa biyu sun haɗa su. Na farko, kowanne yana da ɗaci a cikinsa: yaron da aka ware, ma'aikacin da aka tsallake, abokin da ya narke. Ranar biki ita ce ranar da marar gata ya fi jin rashin gatansa, kuma labarin da ya yarda ya taɓa wannan wuri shi ke shiga zuciya. Na biyu, kowanne yana da kama da murya tasa, ko dai motsin 'yar tsana mai ɗan tsalle-tsalle, ko kiɗan fiyano, ko shatar fensir, ta yadda da an hango shi an san shi ne. Ana samun waɗannan siffofi a 1965, ana samunsu a 2021, kamar yadda tarkace ma bai taɓa yankewa ba. Sai dai tarkacen da an riga an share shi, na yanzu kuwa yana gabanmu, shi ya sa awon yake zuwa da son kai.

Abin da ya ɓace da gaske shi ne yanayin kallo. Tatsuniya da dare ake yin ta, kuma rabin daɗinta yana cikin jira da taruwa da sanin abin da zai biyo baya. Haka Rudolph da Charlie Brown suka samu gindin zama, domin shekara da shekaru ƙasa guda na zama a dare ɗaya ta kalle su, yaro ya girma ya zaunar da nasa ɗan. Sabon katun kuwa yana fitowa ne a cikin dubban shirye-shirye, kowa ya kalla a wayarsa lokacin da ya ga dama. An ga muhimmancin wannan a Oktoba 2020, sa'ad da kamfanin Apple ya sanar cewa finafinan Charlie Brown sun koma dandalinsa na intanet, bayan shekara 55 ana nuna su kyauta, da farko a CBS, daga 2001 kuma a ABC. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, har aka yarda tashar PBS ta nuna su a wannan shekara da mai bi mata. Fim ɗin bai ɓata ba, yana nan ga mai biya, amma abin da jama'a suka yi wa kuka shi ne daren da aka saba haɗuwa.

Kammalawa

Tarihi bai goyi bayan masu cewa an daina yin katun ɗin biki mai kyau ba, bai kuma goyi bayan masu cewa na da tsufa kawai ya ba su daraja ba. Kasuwa ce ta haifi wannan shiri tun ranar farko, kuma a kowane zamani ingancinsa ya dogara ne a kan ko mai kuɗi ya bar mai labari ya faɗi abin da ke ransa. Ta fuskar gwaninta, The Gruffalo da Robin Robin ba su gaza Frosty the Snowman ba, wataƙila ma sun fi shi. Abin da ba su samu ba shi ne shekara 60 na maimaitawa a gaban jama'a ɗaya. Yaran da suka kalli The Gruffalo a 2009 yanzu sun zama samari da 'yan mata, wasunsu sun fara aure. Ranar da suka zaunar da 'ya'yansu a watan Disamba, abin da suka zaɓa su kunna musu shi zai raba gardamar.